Ƙarar da ta mutu a kan adireshi: nazarin shari'ar Carey da King a kotun tarayyar Amurka

A shekarar 1988 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya mai kula da shiyya ta tara a Amurka, wadda mazauninta ke San Francisco, ta yanke wani ɗan gajeren hukunci da bai fi shafi uku ba. Har gobe alƙalan ƙananan kotunan tarayya na yammacin ƙasar da shi suke kafa hujja idan za su kori ƙarar fursunan da wasiƙarsa ta dawo. Ana kiran shari'ar Carey da King.

Carey, mai ƙarar, ɗaurarre ne a jihar Washinton a lokacin. Ya shigar da ƙarar neman haƙƙinsa a kotun tarayya ta yammacin jihar, shi da kansa, babu lauya. Ana nan sai ofishin magatakardan kotu ya aika masa da takarda ta gidan waya zuwa adireshin da ke cikin fayil ɗinsa, takardar ta dawo ba a same shi ba. Wa'adin kwana 60 da ƙa'idar kotun ta tanada ya cika ba a ji ɗuriyarsa ba, alƙali ya kori ƙarar saboda rashin bin kadinta. Ya ɗaukaka ƙara, kotun sama ta ce alƙalin bai kauce hanya ba. Ba a kai ga yanke hukunci kan ko abin da ya yi kuka a kai gaskiya ne ko ƙarya ba.

Hanyar da fursuna ke bi zuwa kotun tarayya

Irin wannan ƙara tana tsayawa ne a kan sashe mai lamba 1983 na kundi na 42 na dokokin tarayya. Dokar ta samo asali tun 1871, bayan yaƙin basasa, lokacin da majalisar ƙasar ke neman yadda za ta kare baƙar fata daga ta'asar ƙungiyar Ku Klux Klan da kuma jami'an jihohin kudu masu kawar da kai. Abin da ta tanada shi ne, duk wanda ya fake da ikon gwamnatin jiha ya tauye wa mutum haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, ana iya maka shi a kotu a nemi diyya ko umarnin da zai dakatar da shi. Fursunoni sun daɗe ba su ci moriyarta ba, domin kotuna na ganin abin da ke faruwa bayan katangar gidan yari ba huruminsu ba ne. A 1964 Kotun Ƙoli ta buɗe musu hanya a shari'ar Cooper da Pate, ƙarar wani fursuna a jihar Ilinoyi, ɗan ƙungiyar Nation of Islam, da ya ce an hana shi sayen littattafan addininsa. Daga nan koke-koke suka yi ta shigowa: dukan gandirobobi, hana magani, tsarewa a ɗakin kaɗaici, ramuwar gayya ga wanda ya kai ƙorafi. A 1972, a shari'ar Haines da Kerner, kotun ta ƙara da cewa koken da mutum ya rubuta da hannunsa ba za a auna shi da ma'aunin aikin lauya ba.

Wannan sassauci iyakarsa yadda ake karanta koke. Wa'adi da ƙa'idojin kotu suna nan daram a kan kowa. Kuma a ƙarar da ba ta laifi ba babu haƙƙin samun lauya kyauta. Alƙali na iya roƙon lauya ya tsaya wa marar hali, amma Kotun Ƙoli ta ce a 1989 dokar ba ta ba shi ikon tilasta wa lauyan ba. Saboda haka mafi yawan waɗannan ƙararraki fursunan ne lauyan kansa, shi ne akawun kansa, shi ne kuma mai lura da kalanda.

Ikon korar ƙara saboda sakaci yana cikin ƙa'ida ta 41(b) ta ƙa'idojin shari'ar da ba ta laifi ba. A rubuce, wanda ake ƙara ne ke da damar neman a yi korar. Sai dai tun 1962, a shari'ar Link da kamfanin jirgin ƙasa na Wabash, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa alƙali na iya yin haka don raɗin kansa ba tare da kowa ya roƙe shi ba. A can lauyan mai ƙara ne bai halarci zaman share fage ba bayan ƙarar ta shekara shida tana jan ƙafa. Da wannan iko aka kori ƙarar Carey.

Yadda ambulan ɗaya ke kashe ƙara

Amurka na da kotunan tarayya na gunduma 94, kowacce da nata ƙananan ƙa'idojin cikin gida. Ta yammacin Washinton, a ƙa'idarta ta 41(b)(2), ta ce duk mai ƙarar da ba shi da lauya wajibi ne ya riƙa sanar da kotu da abokan shari'arsa adireshinsa na yanzu. Idan gidan waya ya dawo da wasiƙar da magatakarda ya aika masa, kuma kwana 60 suka wuce bai kawo sabon adireshi ba, kotu na iya korar ƙarar, korar da ba ta hana sake shigarwa. Wasu kotunan wa'adinsu bai ma kai haka ba, don haka dole kowane mai ƙara ya karanta ƙa'idar kotun da yake gabanta.

Akwai wata ƙa'ida da ke ƙarƙashin wannan, wadda masu ƙara da yawa ba su sani ba sai ta ci su. Ƙa'ida ta 5 ta ƙa'idojin tarayya na shari'ar da ba ta laifi ba ta ce da zarar an sa takarda a gidan waya zuwa adireshin ƙarshe da aka sani, an isar da ita ke nan a idon doka. Ko ta shiga hannun mutum ko ba ta shiga ba, wa'adi ya fara tafiya daga ranar da aka aika, sai ƙarin kwana uku da ƙa'ida ta 6 ke bayarwa saboda tafiyar wasiƙa.

A aikace ga yadda abin ke kasancewa. Ambulan ɗin kotu ta isa ɗakin wasiƙu na gidan yari. Ma'aikaci ya duba suna da lambar fursuna a kwamfuta, ya ga an mayar da shi wani gidan ko an sake shi. Wasu gidajen suna tura wasiƙar gaba na ɗan lokaci, wasu kuwa sai su buga mata tambarin a mayar wa mai aikowa, ba ya hannunmu. Wani lokaci mutumin na nan a cikin ginin, amma lambarsa ba ta kan ambulan ɗin ko an rubuta ta ba daidai ba, ita ma sai ta koma. Ta iso ofishin magatakarda, a rubuta layi ɗaya a rajistar shari'ar cewa wasiƙa ta dawo ranar kaza. Daga wannan layi ake fara ƙirga. Mai ƙarar bai san an aiko ba, bai san ta koma ba, bai kuma san ana ƙirga masa kwanaki ba.

Shi kuwa fursuna ba shi ke zaɓar inda zai kwana ba. Sau da yawa ba a faɗa masa ranar da za a ɗauke shi, saboda dalilan tsaro. Ana iya ajiye shi a gidan yarin zango na makwanni kafin a kai shi masauki. Kayansa, har da takardun shari'a da lambar ƙarar da adireshin kotun, a kwali suke biyo shi daga baya, wani lokaci su makara, wani lokaci su salwanta. Idan asibiti aka kai shi ko ɗakin kaɗaici, samun biro da takarda da kan sarki ma aiki ne. Kotun Ƙoli ta ce a 1977, a shari'ar Bounds da Smith, wajibi ne gwamnati ta ba fursuna marar hali takarda da abin rubutu da kan sarki don aika takardun shari'a, amma abin da ake bayarwa ƙayyadadde ne, kuma sai an cika fom an jira. Wanda aka saka ma bai tsira ba: yau yana gidan 'yan'uwa, gobe masaukin marasa gida, tunaninsa na kan abinci da aiki da jami'in da ke sa masa ido.

Abin da kotun sama ta auna

Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake shari'a daga tushe a irin wannan lamari. Tambayarta ɗaya ce: shin alƙali ya wuce gona da iri wajen amfani da ikon da doka ta bar masa? A shiyya ta tara abubuwa biyar ake ɗorawa a kan sikeli: buƙatar jama'a ta a gama shari'u da wuri, buƙatar kotu ta sarrafa tarin shari'un da ke gabanta, cutarwar da jinkiri zai yi wa wanda ake ƙara, manufar da ta fi son a yanke hukunci kan ainihin magana, da kuma ko akwai wani horo da bai kai kora zafi ba.

Na farko da na biyu kusan kullum kora suke goyon baya, na huɗu kullum adawa yake da ita. Na uku ma yakan karkata ga kora, domin kotunan shiyyar suna ɗauka cewa jinkiri marar dalili cutarwa ne ko ba a nuna ta ba: shaidu na mantuwa, ma'aikata na barin aiki, takardu na ɓata. Don haka a kan na biyar ake fafatawa, kuma a nan Carey ya faɗi. Kotun ta ce ba ta ga wani horo mai sauƙi da alƙalin zai iya amfani da shi ba, tun da ba shi da hanyar isa ga mai ƙarar. Ko da ya rubuta umarnin a zo a faɗi dalilin da zai hana kora, takardar za ta je ne ta gidan waya ta juyo. Ta ce nauyin sanar da sauyin adireshi yana kan mai shari'a, ba kan kotu ba, kuma ba zai yiwu a jingine ƙara har illa masha Allahu don kawai an kasa samun mai ita ba. Batun gargaɗi kuwa, ƙa'idar cikin gidan ita kanta ta wadatar.

A ganina hukuncin yana da madogara. Kotu ba za ta iya tafiyar da shari'ar mutumin da ba ta san inda yake ba, kuma waɗanda ake ƙara su ma suna da haƙƙin kada zargi ya rataye a wuyansu shekara da shekaru. Akwai kuma masu ƙarar da da gaske suka yi watsi da ƙararsu bayan an sake su. Amma duk ginin ya dogara ne a kan cewa babu yadda za a yi a same shi. A 1988 wannan magana na da ƙarfi. Yau yawancin hukumomin gidajen yari na jihohi da na tarayya suna da shafin intanet da ake sa suna ko lamba a ga inda ɗaurarre yake cikin minti ɗaya. Lauyan da ke kare gandirobobin kuma galibi daga ofishin babban lauyan jihar yake, wato gwamnatin da ta ɗauke mutumin daga wannan gida ta kai shi wancan. Wasu alƙalai suna sa a duba shafin a sake aika takardar, amma alheri ne suke yi, doka ba ta ɗora musu ba. Idan mai ƙarar na tsare har yanzu a hannun hukuma ɗaya da waɗanda yake ƙara, bai dace a ce an rasa shi ba alhali tambaya ɗaya ga lauyansu za ta warware matsalar. Wannan ne ya sa nake ganin kwafo hukuncin Carey a liƙa a kowane fayil, ba tare da an yi wannan ɗan ƙoƙari ba, zalunci ne ko da doka ta halatta shi.

Korar da ba ta hana sake shigarwa, da abin da take ci

Ƙa'ida ta 41(b) ta tarayya ta ce idan umarnin kora bai faɗi akasin haka ba, ana ɗaukarsa tamkar an yanke hukunci kan ainihin maganar, ba za a sake kawo ta ba. Shi ya sa abu na farko da za a duba a takardar kora shi ne ko alƙali ya rubuta cewa ana iya sake shigarwa. Na Carey ya rubuta, kuma a ido wannan sauƙi ne. Wanda ya saba da kotunan Najeriya zai tuna ƙarar da ake sokewa daga jerin shari'u a iya roƙon a dawo da ita. A nan ba haka ba ne: sabuwar ƙara ake buɗewa, da sabuwar lamba, da sabon kuɗi, kuma lokacin da tsohuwar ta ɓata a kotu yawanci ba a cire shi daga lissafi.

Lissafin kuwa shi ne wa'adin shigar da ƙara. Sashe na 1983 bai sa nasa wa'adi ba, don haka ake aron wanda kowace jiha ta sa wa ƙarar rauni a jiki. A Washinton shekara uku ne, a Kalifoniya da Fensilbaniya biyu, a Kentaki da Tenesi ɗaya tak. A ɗauka an doki fursuna a jihar da ke ba da shekara biyu, ya shigar da ƙara bayan wata 15, ƙarar ta yi wata 11 tana jiran tantancewa da isar da sammaci, sannan aka kore ta. Wata 26 ke nan. Takardar ta ce yana iya dawowa, amma da ya dawo lauyan gwamnati zai nuna kalanda, magana ta ƙare. Wasu jihohi suna da dokar da ke ƙara lokaci, kamar Kalifoniya da ke tsayar da ƙirga har shekara biyu ga fursunan da ba ɗaurin rai-da-rai yake yi ba, amma ba ko'ina ba. Kotun shiyya ta biyar, mai kula da Texas da Louisiana da Mississippi, ta gane wannan tarko: idan wa'adi zai hana sake shigarwa, tana ɗaukar korar a matsayin ta dindindin, ta nemi a nuna dogon jinkiri ko taurin kai a fili kafin ta amince.

Sai kuɗi. A zamanin Carey marar hali na iya samun afuwar kuɗin shigar da ƙara. Dokar gyaran ƙararrakin fursunoni ta 1996 ta kawar da wannan. Yanzu fursuna zai biya dala 350 cif ko da an amince ba shi da hali, sai dai a karɓa kaɗan-kaɗan daga asusunsa na gidan yari. Da farko a cire kashi 20 cikin ɗari na matsakaicin abin da ke shiga asusun ko abin da ke zaune a ciki cikin wata shida da suka wuce, wanda ya fi yawa. Bayan nan duk wata a cire kashi 20 na abin da ya shigo, matuƙar asusun ya haura dala 10. Wanda danginsa ke turo masa dala 50 a wata, dala 10 za a riƙa yanka, wata 35 kafin ya gama. Korar ƙara ba ta tsayar da wannan cirewa. Idan ya sake shigarwa, wani bashin dala 350 ne, kuma a 2016 Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Bruce da Samuels a tare ake cire su, kashi 20 kan kowace ƙara.

Na uku shi ne ƙa'idar kora uku. Fursunan da aka kori ƙararsa sau uku saboda shirme ce, ko don cin zarafi aka shigar da ita, ko ba ta nuna wani haƙƙin da doka ta sani ba, ya rasa damar biya kaɗan-kaɗan, sai dai idan yana fuskantar haɗarin mummunan rauni nan take. Kora saboda sakaci zalla ba ta cikin ukun nan. Amma akwai inda take shiga ta bayan gida. A 2017 kotun shiyya ta tara ta ce idan alƙali ya tantance koke ya ga bai nuna haƙƙi ba, ya ba da damar gyara, mai ƙara bai gyara ba har aka rufe fayil, wannan ana ƙirga ta. Ke nan wanda umarnin gyara bai iso shi ba saboda an ɗauke shi, ya yi asarar ƙara, ya ci bashi, an kuma rubuta masa ɗaya cikin uku.

Adireshi ba shi kaɗai ke kai ga wannan kora ba. Rashin haɗa takardar shaidar asusu ta wata shida da fom ɗin neman sassaucin kuɗi, rashin ba jami'an kotu cikakken suna da wurin aikin wanda za a kai wa sammaci cikin kwana 90, shiru bayan lauyan gwamnati ya nemi a yi watsi da ƙara, ƙin zama a yi masa tambayoyi bisa rantsuwa, duk suna kaiwa can. A 1992, a shari'ar Ferdik da Bonzelet daga jihar Arizona, kotun shiyya ta tara ta amince da korar ƙarar fursuna don bai gyara kan takardarsa ya jero sunayen waɗanda yake ƙara ba cikin kwana 30 da aka ba shi, ko da yake alƙali ɗaya cikin uku bai yarda ba.

Inda kotu ta ja birki

Shekara 20 bayan Carey, kotun shiyya ta uku ta nuna iyakar wannan iko a shari'ar Briscoe da Klaus ta 2008. Fursuna ne a Fensilbaniya da ƙararsa ta kai gab da fara sauraro. Bai halarci zaman share fage na ƙarshe ba, jami'an gidan yari suka shaida wa kotu cewa shi ya ƙi yarda a kawo shi, alƙali ya kori ƙarar. Kotun sama ta soke korar. Dalilinta shi ne alƙalin ya ɗauki maganar ɓangare ɗaya bai ba mai ƙarar cikakkiyar damar bayyana abin da ya faru ba. A wannan shiyya ma'auni shida ne, daga shari'ar Poulis ta 1984, kuma cikinsu akwai ko laifin mai ƙarar ne shi kansa, da ko da gangan ya yi. Ba yadda za a amsa waɗannan ba a ji ta bakinsa ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bambancin shari'un biyu a bayyane yake: an san inda Briscoe yake, ana iya tambayarsa.

Takardar shafi ɗaya, da abin yi idan an riga an kora

Maganin matsalar Carey bai fi shafi ɗaya ba. A sama sunan kotu, sunayen masu shari'a da lambar ƙara. A tsakiya jimla biyu: an mayar da ni wuri kaza ranar kaza, ga sabon adireshina da lambata ta fursuna. A ƙasa sa hannu da kwanan wata, da shaidar cewa an aika kwafi ga lauyan ɗaya ɓangaren. Kowace ƙara da tata takardar, domin sanarwar da aka sa a fayil ɗaya ba lallai ta isa sauran ba, kuma kotun ɗaukaka ƙara rajistarta daban. Yana da kyau a roƙi magatakarda a cikin takardar ya aiko da kwafin rajistar shari'ar, don a ga ko an fitar da wani umarni lokacin da ake hanya. Ko zaman na ɗan lokaci ne, a aika. Lambar ƙara da adireshin kotu kuma a rubuta su a ƙaramar takarda da za ta zauna a jiki, ko a bar su a hannun wani ɗan'uwa a waje, saboda kwalin kaya na iya makara. Ɗan'uwan da ba lauya ba ba zai sa hannu a madadin mai ƙara ba, amma zai iya duba rajistar ya faɗa masa halin da ake ciki. Wanda aka saka, bayan adireshi, ya sa ran kotu da yawa za su nemi ya cika sabon fom na neman sassaucin kuɗi ko ya biya ragowar.

Abu ɗaya da ke taimakon fursuna shi ne hukuncin Houston da Lack, wanda shi ma a 1988 Kotun Ƙoli ta yanke: takardar fursuna ana ɗaukar ta shiga kotu ranar da ya miƙa ta ga jami'an gidan yari don aikawa. Don haka a rubuta ranar miƙawa a jikin takardar, a bi ta hanyar wasiƙun shari'a inda ake rubuta su a littafi.

Idan alƙalin majistare, wato ƙaramin alƙalin da ke taimaka wa babban alƙali, shi ne ya ba da shawarar kora, akwai kwana 14 na shigar da ƙin amincewa kafin babban alƙali ya sa hannu, kuma wanda ya yi shiru a nan yana iya rasa damar ɗaga maganar a gaba. Idan an riga an yanke, akwai kwana 28 na roƙon a sauya hukunci a ƙarƙashin ƙa'ida ta 59(e). In sun wuce, sai ƙa'ida ta 60(b), roƙon a janye hukunci saboda sakacin da ke da uzuri, wanda dole a shigar cikin lokaci mai ma'ana kuma kada ya haura shekara ɗaya. Alƙali zai duba tsawon jinkirin, dalilinsa, cutarwa ga ɗaya ɓangaren, da ko an yi da kyakkyawar niyya. Cewa kawai "ban samu wasiƙa ba" ba ya isa. Abin da ke aiki shi ne ranaku: ranar da aka ɗauke shi, inda aka ajiye shi, ranar da kayansa suka iso, ranar da ya fara jin labarin korar, tare da takardar canjin wuri da kwafin littafin wasiƙu in za a samu. Doka ta yarda ya rubuta wannan bayani ya sa hannu cewa gaskiya ne bisa hukuncin rantsuwar ƙarya, ba sai an nemo jami'in rantsarwa ba. A haɗa da takardar da aka makara a kai, ko gyararren koke ne ko amsa, don alƙali ya ga a shirye ake.

Wa'adin ɗaukaka ƙara shi ne marar sassauci: kwana 30 daga ranar da aka shigar da hukunci a rajista, ko 60 idan gwamnatin tarayya na cikin shari'ar. Wanda bai samu sanarwar hukunci ba cikin kwana 21 yana iya roƙon a sake buɗe masa wa'adi na kwana 14, muddin ya roƙa cikin kwana 14 da samun sanarwar ko kwana 180 da hukuncin, duk wanda ya riga cika. A shari'ar Bowles da Russell ta 2007 alƙali ya yi kuskure ya ba wani fursuna kwana 17 maimakon 14, ya shigar a rana ta 16, Kotun Ƙoli ta ce ya makara. A 2025 kuma ta duba shari'ar wani fursuna mai suna Parrish, wanda aka kori ƙararsa a watan Maris na 2020, washegari aka ɗauke shi daga gidan yarin tarayya zuwa na jiha, hukuncin bai iso shi ba sai bayan wata uku. Ya aika takardar ɗaukaka ƙara, aka sake buɗe masa wa'adi, bai aika ta biyu ba, kotun shiyya ta huɗu ta ce ba ta da hurumin sauraronsa. Kotun Ƙoli ta ce ta farkon ta wadatar, ta mayar da shari'ar a saurari ɗaukaka ƙararsa, shekara biyar bayan korar.